Yadda ake zaɓar JOIN da wurin ajiye sharaɗi a tambayar SQL

A ɗauka wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas yana da rumbun bayanai mai jadawali biyu: na kwastomomi, mai ɗauke da lamba da suna da unguwa, da kuma na biya, inda ake rubuta duk kuɗin da ya shigo tare da watansa da lambar wanda ya biya. Da harshen SQL ake yi wa irin wannan rumbu tambaya, JOIN kuma shi ke haɗa layukan jadawali biyu. Kafin a rubuta komai, sai a fara yanke shawara a kan abu ɗaya: wanda bai biya ko kwabo ba, ana so sunansa ya fito a sakamako ko kuwa a'a?

Idan masu biya kaɗai ake nema, INNER JOIN ya wadatar, domin layukan da suka sami abokin haɗi a jadawalin biyu kawai yake fitarwa. A nan ko an sa sharaɗi a sashen ON ko a sashen WHERE na tambayar sakamakon ɗaya ne, sai dai ya fi tsabta a bar ON ga haɗa lambobi, WHERE kuma ga tacewa.

Idan kuwa dillalin yana son ganin kowa da kowa, har da masu riƙe masa kuɗi, LEFT JOIN ne zaɓi, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. A duba wannan, inda k ke wakiltar jadawalin kwastomomi, b kuma na biya:

SELECT k.suna, b.kudi
FROM kwastomomi k
LEFT JOIN biya b ON b.lamba = k.lamba
WHERE b.wata = 3;

Niyyar mai rubutun ita ce a jero dukkan kwastomomi da abin da kowa ya biya a watan Maris, amma waɗanda ba su biya ba za su ɓace gaba ɗaya. Dalili shi ne, a ƙa'ida ana fara haɗa jadawalin ne sannan a tace. Wanda bai taɓa biya ba yana fitowa daga haɗin da NULL (wato babu bayani) a gurbin wata, kuma idan aka gwada NULL da 3 amsar ba gaskiya ba ce, ba kuma ƙarya ba, WHERE kuwa layin da sharaɗinsa ya tabbata gaskiya kaɗai yake bari ya wuce. Ta haka LEFT JOIN ya koma INNER JOIN ba tare da kwamfuta ta nuna wani kuskure ba, wanda shi ne abin da ya sa matsalar take daɗewa ba a gano ta ba. Gyaran shi ne a mayar da sharaɗin cikin haɗin:

LEFT JOIN biya b ON b.lamba = k.lamba AND b.wata = 3

Sharaɗin da ya shafi jadawalin hagu kuwa, wato wanda aka fara ambata (a nan na kwastomomi), kamar a ce kwastomomin Agege kaɗai ake so, wurinsa WHERE ne. In aka sa shi a ON, mutanen Idi-Araba da na Obalende za su fito duk da haka, sai dai gurbin kuɗinsu ya zama NULL ko da sun biya.

Don fitar da waɗanda ba su biya a Maris ba su kaɗai, sai a bar sharaɗin watan a ON, a ƙara WHERE b.lamba IS NULL. Rubuta = NULL ba ya kawo komai. Haka ma wajen ƙirga, COUNT(*) zai ba wanda bai biya ba 1 saboda layinsa yana nan, alhali COUNT(b.lamba) zai ba shi 0, wanda shi ne daidai.

RIGHT JOIN juyin LEFT JOIN ne kawai, kuma a ganina ya fi sauƙin karatu a sauya jerin jadawalin a zauna a kan LEFT. FULL OUTER JOIN, mai fitar da layukan ɓangarorin biyu ko da ba su sami abokin haɗi ba, ya danganta da manhajar rumbun bayanai: yana aiki a PostgreSQL, SQLite ta samu shi a 2022, MySQL kuwa ba ta da shi, sai an haɗa tambaya biyu da UNION.

Bayan an gama, a ƙirga sunaye daban-daban da suka fito a kwatanta da adadin kwastomomin da ke jadawali. Ba a dogara da yawan layuka, domin wanda ya biya sau uku a wata ɗaya layi uku zai ci.