Yadda Ake Shirya Zagayen Jihohi Uku da Iyali a Mota Mai Ɗakin Kwana a Amurka

Motar da Amurkawa suke kira RV gida ce a kan taya. A cikinta akwai gadaje, da murhun gas, da firji, da banɗaki mai wurin wanka, kuma ana bayar da ita haya kamar kowace mota. Iyalin da ke zaune a Amurka, ko waɗanda suka je ziyara suna da kwana goma a hannu, za su iya ɗaukar ta su zagaya jihohi da dama ba tare da sun kama ɗakin otal ko sau ɗaya ba. Hanyar da zan yi misali da ita tana tashi daga Las Vegas a jihar Nevada, ta shiga Utah inda gandayen shaƙatawa na gwamnati, Zion da Bryce Canyon, suke, ta gangara Arizona ta garin Page zuwa Grand Canyon, sannan ta dawo inda ta faro. Zagayen ya kai kimanin mil 900, wato wajen kilomita 1,450. Abu uku ne ke mulkin irin wannan tafiya, kuma duk wanda ya tsara ta bai fara da su ba zai sake tsari a tsakiyar hanya: girman motar, da wurin kwana, da ruwan da ke cikin tanki.

A fara da motar. Iri uku ake da su. Akwai babba mai kama da bas da ake kira aji A, akwai ƙarama mai girman motar haya ta fasinja da ake kira aji B, sai ta tsakiya, aji C, wadda ake gane ta da gadon da ya leƙo saman kan direba. Ga miji da mata da yara uku ko huɗu, ta tsakiyar ce ta dace, kuma ina ba da shawarar kada tsawonta ya wuce ƙafa 30. Dalilin ba na kwalliya ba ne. Sansanin Mather da ke Grand Canyon, wato filin da ake ajiye irin wannan mota a kwana a cikinta, ba ya karɓar motar da ta fi haka tsawo, kuma tsofaffin sansanonin gwamnati da yawa an gina su ne tun kafin motoci su kai girman da suke da shi yau. Lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa tuƙa irin wannan, sai dai kamfanonin haya sun bambanta kan shekarun direba, wasu suna yarda da mai shekara 21, wasu sai mai 25. Ana samun haya daga manyan kamfanoni irin su Cruise America, ko daga hannun masu motocin kansu ta dandalin Outdoorsy da RVshare. Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi kuɗin kowane mil, da kuɗin awar janareta, da abin da inshora ya ƙunsa, da ko akwai tukwane da barguna a ciki, domin farashin kwana da ake rubutawa da manyan lambobi sau da yawa bai haɗa da waɗannan ba. Mai kuma shi ne babban mai cin aljihu. Irin wannan mota tana yin mil 8 zuwa 10 ne da galan ɗaya, saboda haka zagayen zai sha kusan galan 100, wato kimanin lita 380.

Masu ƙananan yara su duba kujeru da idonsu kafin su biya. Dogon benci mai kallon gefe bai dace a ɗaure kujerar jariri a kai ba, kuma bel ɗin da ke kujerun teburin cin abinci yawanci na ƙugu ne kawai. A ƙirga kujeru masu kallon gaba da bel ɗinsu, a ga ko sun kai adadin yaran. Yaro zai so ya haye gadon sama ya kwanta mota na tafiya, kuma wannan roƙo ne da ya kamata a ƙi tun ranar farko.

Wurin kwana shi ne abin da ake kamawa kafin ma a sayi tikitin jirgi. Galibin sansanonin da ke cikin gandayen gwamnatin tarayya ana kama su ne ta shafin Recreation.gov, yawancinsu ana buɗe su wata shida kafin ranar, kuma na lokacin hutun makaranta suna ƙarewa da wuri ƙwarai. A Zion, sansanin Watchman yana da wuraren da ake jona wutar lantarki, kuma daga can ana takawa da ƙafa zuwa tashar motocin gandun. Wannan yana da amfani domin a mafi yawan watannin shekara ba a barin motocin jama'a su shiga cikin kwarin Zion, sai dai a hau bas ɗin hukuma kyauta. A Bryce sansanonin ciki ba su da wuta ko famfon jonawa, wanda yake son su sai ya sauka a sansanin kuɗi da ke bakin ƙofa. A Grand Canyon zaɓi biyu ne: Mather mai itatuwa da shiru amma babu abin jonawa, ko Trailer Village mai wuta da ruwa da magudanar ƙazanta. Dabarar ita ce a riƙa gwamutsa su, idan an kwana biyu inda babu komai, na gaba ya zama inda za a cika ruwa a zubar da datti a yi caji. Shiga gandayen kuma da kuɗi ne, kuma katin shekara da ake kira America the Beautiful yana buɗe su duka ga mota ɗaya. Mazauna Amurka suna sayensa dala 80, baƙi kuwa an ɗaga musu farashi sosai daga 2026, don haka mai zuwa daga waje ya duba kafin ya rufe lissafinsa.

Tsofaffin 'yan hannu a wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira uku-uku-uku: kada a wuce mil 300 a rana, a isa masauki kafin ƙarfe uku na rana, a kwana uku kafin a tashi. Mai kwana goma ba zai cika ta ukun ba, amma biyun farko a riƙe su da kyau. Duk lokacin da taswirar waya ta nuna, a ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda motar tana da nauyi, iska tana kaɗa ta, kuma yara za su nemi tsayawa. Ajiye mota mai ƙafa 28 da baya a tsakanin itatuwa bayan magariba, uwargida tana haska tocila tana cewa a karya hagu alhali hagunta daman direba ne, ya isa ya ɓata daren da aka yi wata shida ana jira.

Daga Las Vegas zuwa Zion kimanin mil 160 ne ta babbar hanya mai lamba 15. Daga Zion zuwa Bryce ne ake samun tarkon da ya kama mutane da yawa. Gajeriyar hanya tana bi ta wani ramin dutse da aka buɗe a 1930, tsawonsa ya ɗan haura mil ɗaya, kuma an fafe shi ne don motocin wancan zamani. Motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, ko tsayinta ƙafa 11 da inci 4, ba ta wucewa a hannunta, kuma kusan kowace mota aji C ta kai wannan faɗi. An daɗe ana tsayar da motocin ɗaya ɓangaren don a ba irinta hanya bayan ta biya kuɗi, amma hukumar gandun ta sanar da rufe hanyar ga manyan motoci daga tsakiyar 2026. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a koma hanya ta 15 a yi arewa, a tsallaka ta hanya ta 20 zuwa ta 89, sannan a shiga ta 12. Ta fi nisa, amma ba ta da fargaba. A rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda a manna gaban direba, domin rumfar gidan mai da reshen itace ba sa yin gargaɗi. A gangare kuma a sauke giya, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi.

Yanayi yana sauyawa da tudu fiye da yadda yake sauyawa da nisa. A watan Yuli zafin Las Vegas yana haura digiri 40, alhali Bryce, da ke sama da mita 2,400 daga teku, tana iya sa mutum neman rigar sanyi da asuba. Daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin ruwan bazata ne, wanda yake cika matsattsun kwazazzabai da ambaliya cikin mintuna ko da ba a wurin aka yi ruwan ba. Watan Mayu da ƙarshen Satumba sun fi daɗin tafiya ga wanda makarantar yara ta bari.

Batun agogo yana buƙatar natsuwa. Utah tana gaban Nevada da awa ɗaya. Arizona ba ta sauya agogonta da bazara, saboda haka a lokacin tana daidai da Nevada, amma yankin ƙabilar Navajo da ke cikinta yana sauyawa, yana tafiya da Utah. Garin Page yana bakin wannan iyaka, kuma waya tana iya tsalle tsakanin lokutan biyu. Wanda ya kama gurbin shiga kwazazzabon Antelope da ke kusa da Page, inda ba a shiga sai da ɗan jagora Banavaje, ya tambaya da wane agogo aka ba shi lokaci. Haka nan lokutan salla, a sauke jadawalin kowane gari tun ana da intanet, tare da taswirar hanya, domin akwai dogayen wurare da babu sabis. Alƙibla a wannan yanki tana arewa maso gabas, ta ma fi karkata arewa, ba gabas sak da muka saba ba. Tun da kuma a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu ce take yanke ƙasaru, mai kwana biyu ko uku a kowane zango yana nan a matsayin matafiyi.

Naman halal a saye shi a Las Vegas a cika ɗakin ƙanƙarar firji, domin a ƙananan garuruwan Utah samunsa da wuya. Shinkafa, taliya, yaji, busasshiyar kuɓewa da miyar da aka soya aka daskarar tun daga gida suna rage wahala, saboda murhun yana da baki biyu ko uku ne kawai, kuma wanke-wanke yana cin ruwa.

Ruwan nan shi ne na uku cikin masu mulki. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Gidan da ake alwala sau biyar a yini ana kuma kama ruwa da buta zai ƙarar da na farko ya cika na biyu da sauri fiye da lissafin kamfani, don haka a tanadi jarkoki biyu, a riƙa yin alwala a waje. Yawan ruwa a tankin banɗaki kuwa alheri ne, domin shi ke hana ƙazanta daskarewa. Wajen zubarwa a sa safar hannu, a jona tiyo a tabbatar ya kama, a buɗe bawul ɗin banɗaki tukuna, idan ya gama a rufe shi, sannan a buɗe na ruwan wanka domin ya ɗauraye tiyon. Ko da an sauka inda ake jona magudana, kada a bar bawul ɗin banɗaki a buɗe, ruwan zai zurare ya bar tudun da ba mai son ya fasa. Tiyon ruwan sha kuma a ajiye shi daban, kada ya taɓa wancan.

Daga Grand Canyon zuwa Las Vegas kusan mil 280 ne, ta Williams da Kingman, a wuce kusa da madatsar ruwa ta Hoover. Kamfanoni da yawa suna son a maido da mota da safe, an cika mai, an zubar da tankuna, an share ciki, in ba haka ba su cire kuɗi daga ajiyar da aka bari. Saboda haka daren ƙarshe a yi shi a sansani mai magudana kusa da birnin, a Boulder City ko gefen tafkin Mead, a haɗa kaya da dare, da safe a ɗauki hoton motar ta kowane gefe da lambar mil ɗin da ta nuna kafin a miƙa makulli.