Babi na 6: Idan rezo yana zuwa yana ɗaukewa

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya fito da wayarsa ya riƙe. Ku dubi can sama, kusa da hoton batir. Akwai 'yan sanduna a jere, daga gajere zuwa dogo. Su ne ma'aunin rezo, wanda 'yan Najeriya ke ce wa sabis. Idan sandunan sun cika, lafiya lau. Idan ɗaya kaɗai ta rage, magana za ta riƙa yankewa, batir ya zube da wuri, wayar ta ɗau zafi, don tana ta faman neman dogon ƙarfen nan na MTN, Orange ko Camtel da kuke gani a gari. Gefen sandunan akwai harafi. E intanet ne mai tafiyar hawainiya, H da dama-dama, 4G mai sauri.

Aiki na farko: jirgin sama

Ku ɗora yatsa a saman gilashi, ku ja shi ƙasa. Ku nemi hoton ƙaramin jirgin sama, wanda aka rubuta wa Mode avion. Ku taɓa shi sau ɗaya. Zai yi haske, sanduna su ɓace. Kada hankalinku ya tashi, ba abin da ya lalace. Ku ƙirga daga 1 zuwa 20, a hankali. Sannan ku sake taɓa jirgin, haskensa ya mutu. Yanzu waya za ta nemi rezo tun daga farko, ta kama ƙarfen da ya fi mata ƙarfi.

Taɓawa biyu ce: ta kunnawa da ta kashewa. A ta biyun ake tuntuɓe. Muddin jirgin yana haske, ba kira da zai shigo, ba wanda zai fita, ko a gindin ƙarfen kuke zaune. Inna, a sake gwadawa, ba komai, hannu ne bai saba ba. A taɓa, a ƙirga 20, a sake taɓawa. Baba, a duba sama: ana ganin ɗan jirgi kusa da batir? To ba a kashe ba, a sake taɓawa. Madalla.

Haba jama'a, wannan fa ba wuya. Mutum ya kunna jirgi ya jefa waya a aljihu, ya wuni yana cewa ba rezo, har ya kai ta kasuwa ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba! Kada waya ta koma aljihu sai kun ga sanduna sun dawo da idonku.

Aiki na biyu: canza wuri

Rufin kwano da ginin siminti mai rodi suna tare rezo. Ku fito tsakar gida ko bakin taga. Dutse ma yana tarewa, shi ya sa a ƙauyukan wajen Mokolo da Mora, nan arewacin Kamaru, ake hawa tudu a yi kira. Ranar kasuwa kuwa sanduna na iya cika intanet ya ƙi tafiya. Cunkoso ne, a jira dare ko asuba.

Mutanen Kusuri, ku kula. Kogi ne kawai tsakaninku da Injamena, waya takan kama Airtel ko Moov Africa na Chadi, harafin R ya fito, kira ya yi tsada. Ku shiga Paramètres, wato saitin waya, sannan Réseau mobile, ku zaɓi kamfaninku da hannu.

Aiki na uku: layi

A kashe waya, a ciro layin, a goge gefen mai ruwan zinariya da busasshen ƙyalle, a mayar. Idan bai yi ba, a sa shi a wayar wani. In ya kama a can, wayarku ce ke son gyara.

Aikin gida: jirgin sama sau 3. Taɓawa biyu kowane karo.