Yadda ake gwada ƙarfin ƙasa na riƙe sinadaran nukiliya

Idan burbushin nukiliya ya zuba a wuri, abin da masana ke fara son sani shi ne ko ƙasar wurin za ta kama shi ta riƙe, ko kuwa za ta sake shi ya bi ruwa har cikin rijiyoyi. Akwai gwaji mai sauƙi da ke ba da amsa, kuma sakamakonsa lamba ce guda da ake kira Kd. In lambar tana da girma, ƙasar na da riƙo. In ƙarama ce, sinadarin zai yi tafiya. Tambayar ta shafe mu kai tsaye a Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, da kuma yankin Jos, inda tarkacen haƙar kuza ke ɗauke da toriyom, wani sinadarin nukiliya.

Da farko ka ɗebo ƙasa daga zurfin da ruwan ke ratsawa, ka shanya ta a inuwa, ka tankaɗe da rariya mai ƙofar milimita 2. Kada ka gasa ta a wuta don ta bushe da wuri, zafi yana sauya halin yumɓu. Ka rubuta launinta da laushinta, domin rairayi, yumɓu da jar marmara kowanne da irin riƙonsa.

Mataki na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne gwaji ke kyau ko ya lalace. Ka ɗebo ruwan rijiyar wurin ko na rafinsa, ka tace, ka auna pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwan. Kada ka yi amfani da tataccen ruwan ɗakin gwaji, domin babu gishirin da zai yi gogayya da sinadarin a cikinsa, sai ƙasar ta nuna riƙon da ba ta da shi a daji. Dubi yuraniyom: yakan manne sosai a jikin tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ke ba marmara jan launi, amma a ruwa mai kabonet da yawa, irin mai ɗanɗanon kanwa, sai kabonet ɗin ya rungume shi ya hana shi mannewa. Haka sitirontiyom yake da kalsiyom, wurin zama ɗaya suke nema a jikin yumɓu. Ƙasa ɗaya za ta iya ba ka lamba biyu mabambanta a ruwa biyu.

Sai ka zuba sinadarin a ruwan. Ɗalibi ba ya buƙatar taɓa mai haɗarin. Siziyom-137 da sitirontiyom-90, waɗanda kowannensu kan ɗauki kusan shekara 30 kafin rabinsa ya ruɓe, suna da 'yan uwa marasa fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, kuma halinsu a ƙasa iri ɗaya ne. Da waɗannan ake koyo. Aiki da na ainihin sai da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya. Ka zuba ɗan kaɗan kawai, in ya yi yawa zai cika guraben riƙon, lambar ta faɗi.

Auna giram 2 na ƙasa a kwalbar roba mai murfi, ka zuba mililita 40 na ruwan. Ka haɗa kwalba uku iri ɗaya, da ta huɗu mai ruwan zalla ba ƙasa, wadda za ta nuna maka ko jikin kwalbar ne ke shanye sinadarin. Ɗora su a injin girgizawa daga awa 24 zuwa mako guda. Siziyom yana son lokaci: a hankali yake kutsawa bakin yadudduka na yumɓun da ake kira ilait, kamar ƙura tsakanin shafukan littafin da gefensa ya buɗe, kuma in ya shiga da wuya ya fito.

Bayan nan ka juya kwalaben a injin da ke kwantar da laka, ka tace ruwan saman da matata mai ƙofar maikiron 0.45 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ka sake auna pH, ka ɗiga ruwan asid kaɗan don adanawa, sannan ka kai a auna abin da ya saura.

Lissafin ba wuya. A ce ka fara da maikirogiram 100 a lita (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ka tarar da 20. Ƙasa ta kama 80 ke nan. Raba 80 da 20, ka sami 4. Raba mililita 40 da giram 2, ka sami 20. Ninka su: Kd ya zama mililita 80 a kowane giram.

In kana da sauran ƙasa, maimaita gwajin siziyom da ɗan takin fotash a ruwan, za ka ga riƙon ya ragu, domin fotasiyom da siziyom gurbi ɗaya suke takara a kai. Irin wannan takarar tana faruwa a saiwar shuka ma, shi ya sa bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 manoman shinkafa a Japan suka riƙa zuba takin fotash don shukar ta rage shan siziyom. A tsaunukan Birtaniya kuwa, ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da ƙarancin yumɓu ta kasa ɗaure siziyom ɗin da ya zubo daga haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, ciyawa ta yi ta shan sa, tumaki na ci, har sai 2012 aka ɗage takunkumin ƙarshe a kan gonakin tumakin.