Babi na 6: Sefa ko naira? Yadda ake yanke kuɗin ciniki a kan iyaka

'Yan uwa ɗalibai, a babin baya mun koyi tarawa da ɗebewa, to yau za mu kai wannan lissafin kasuwa, domin mu nan arewacin Kamaru kusan kowa hannunsa na taɓa kuɗi iri biyu. Mai albasa a Garwa, mai shanu a Marwa, mai shinkafa daga Yagwa, duk akwai ranar da ɗan Najeriya zai tsaya a gabansu da naira, haka mu ma in mun tsallaka Mubi ko Banki ko Gamboru sayen atamfa da robobi da kayan babur sai mun canza sefarmu. Wallahi yawancin rigimar da ake kaiwa gaban dattawan kasuwa ba ta sata ba ce, mutane biyu ne suka yi ciniki kowa da lissafin da ke cikin kansa, ba wanda ya buɗe baki ya faɗi nasa.

Mu fara sanin kuɗin hannunmu

Sefar da muke kashewa bankin BEAC ne ke buga ta, hedikwatarsa na Yawunde, kuma ƙasashe 6 ke amfani da ita: Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. Shi ya sa wanda ya tashi daga Kusiri ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena ba ruwansa da ɗan canji, takardar da ya sha shayi da ita a nan ita zai biya mai babur a can. Takardun su ne 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000.

Amma akwai wata sefar, ta su Nijar da Benin da Togo da Senegal, ƙasashe 8 ne su, bankinsu BCEAO yana Dakar. A kan takarda darajarsu ɗaya da tamu, dukkansu an ɗaure su da yuro, yuro 1 sefa 655.957 tun shekarar 1999, sai dai mai shago a Garwa ba zai karɓi sefar Nijar ba, dole ka je wurin ɗan canji kuma sai ya ɗan cire nasa. Saboda haka in za ka yi ciniki da mutumin Diffa ko Damagaram kada ka ce "sefa" kawai ka yi shiru, ka ce ta wace ƙasa.

Sai ƙirge. Mu dala muke cewa, dala 1 sefa 5 ce, dala 20 sefa 100, dala 100 sefa 500, dala 200 kuma ita ce jaka ɗaya wato sefa 1,000. A Chadi masu Larabci riyal suke cewa, shi ma sefa 5 ne. Baƙon da ya zo daga Kano ya ji an ce dala ɗari zai iya zaton ɗari ɗaya ake nufi ko ma dalar Amurka, to da baki ka ƙirga yadda ka saba amma in an zo rubutu a rubuta lambar da ke jikin takardar kuɗi.

Me ya sa naira ke motsi, sefa na zaune

Tunda sefa na ɗaure da yuro ba ta cika tashi da sauka da kanta ba, ko da yake dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba lokacin da aka raba darajarta biyu a dare ɗaya. Ita naira kasuwa ce ke juya ta. A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta sake ta, kafin nan dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460, ba a cika shekara ba ta wuce 1,500. Duk wanda ya bayar da bashi da naira a wannan tsakanin kuma shi da sefa yake sayo kaya, ya san abin da ya same shi, wasu jarin ne ma ya tafi gaba ɗaya ba tare da kowa ya cuce su ba.

Ga misali, farashin canjin da zan sa na koyo ne kawai, na yau sai ka tambaya a kasuwa.

Mai albasa ya sayar da buhu 20, kowane buhu sefa 15,000. Jimla sefa 300,000, jaka 300 ke nan. Ran da aka loda mota ana canza jaka ɗaya a naira 2,500, wato 300 sau 2,500, naira 750,000. Mai saye ya ce "Alhaji a yi min haƙuri zuwa wata", Alhaji ya ce "ba komai ɗan uwa, Allah ya kai mu." Wata ya yi, jaka ta koma naira 2,700.

Mai saye ya kawo naira 750,000 yana ganin ya cika alkawari. Alhaji ya kai wa ɗan canji, aka raba 750,000 da 2,700 aka samu jaka wajen 277.8, ya tashi da sefa wajen 277,800, ya yi asarar sama da 22,000, kusan buhu ɗaya da rabi ke nan. In kuwa da sefa aka ƙulla bashin, mai saye ne zai nemo 300 sau 2,700, naira 810,000, ƙarin 60,000 a kansa. To wa ke da gaskiya? Kowa na da tasa, kuma nan ne zumuncin shekara da shekaru ke lalacewa, ni abin yana ci min rai sosai domin minti biyu na magana a ranar lodi da ya kashe wannan wutar tun ba ta kama ba.

Don haka kafin mota ta tashi a yanke abu uku a gaban shaidu: da wane kuɗi ne bashin, ran yaushe za a biya, in kuma za a biya da ɗaya kuɗin to farashin wace rana za a bi. Shawarata ka ƙulla bashi da kuɗin da kake sayo kayanka da shi, in da sefa ka sayo albasa a gona to da sefa ake binka, da sefa kai ma za ka bi.

Kuma ba wai wayon zamani ba ne wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, kuma wanda ake bi da wani kuɗi in zai biya da wani daban, da farashin ranar biya zai biya, a rabu ba saura. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ka ce wa amininka "mu rubuta". Ga yadda za ka rubuta a littafinka, gajere:

"Yau Talata, ranar kaza ga watan kaza, na ba wane albasa buhu 20 a kan sefa 300,000 ta Kamaru. Zai biya ranar kaza. In da naira zai biya, da canjin ranar biya. Shaidu: wane da wane."

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ka ɗauki hoton shafin da waya ka tura masa ta WhatsApp, shi ke nan.

A gaban ɗan canji

Ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, tsakaninsu ne abincinsa kuma halas ɗinsa ne. A ce yana sayen jaka a 2,480 yana sayarwa a 2,520. Ka ba shi jaka 100 ya ba ka naira 248,000, in ka fasa tafiya ka dawo masa da ita a take sefa wajen 98,400 za ka karɓa, 1,600 ta tafi. Ashe yawan juya kuɗi gaba da baya shi ma cin jari ne, ka canza iya abin da za ka kashe kawai. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka miƙa, ka yi lissafin a wayarka da kanka, ka ƙirga a gabansa ko da layi ya yi tsawo ana ta yi maka tsaki.

Yanzu da yawa ba a ɗaukar kuɗi a jiki saboda halin hanya, kana ba ɗan canji sefa a nan yaronsa ya tura naira asusun mai kayanka a can. Yana da sauƙi, amma kada ka bar wurin sai wancan ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna, saƙon alat kaɗai ba hujja ba ne domin akwai na bogi, hoton rasit ma ana haɗa shi. Haka in ta Orange Money ko MTN MoMo aka biya ka, ko Airtel Money da Moov Money a Chadi, duba abin da ke cikin asusun, kuma a yi maganar wa zai biya kuɗin cirewa tun farko. Lambar sirrinka kuwa ko ɗan cikinka kada ka ba.

Mai tafiya da kuɗi masu yawa ya sani, a dokar canji ta ƙasashenmu abin da ya haura sefa miliyan 5 sai an bayyana shi ga duwan, wato kwastan, in za a fita ko a shigo da shi, a Najeriya kuma abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa. Bayyanawa ta fi a kama a jikinka.

Ga masu zaman ci-rani

Ɗan uwanmu da ya zo daga Najeriya yana ɗinki ko yankan farce ko tireda a Ngawundare, da namu da ke zaune a Yola ko Maiduguri, matsalarsu ɗaya ce, samu da wani kuɗi, iyali na ci da wani. Ka fara ware kuɗin haya da abinci da na takardun zama da kuɗin ƙasar da kake ciki, domin Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da Najeriya ke ciki, zama mai tsawo sai da katin zama, kuma ranar sabunta shi ba ta jiran canji ya yi kyau. Abin da ya rage shi za ka tura gida. In kuna adashe ku yanke tun ranar farko da wane kuɗi ake zubi, kada wani ya zuba sefa wani naira sannan ranar kwasa a fara kace-nace.

Kuma don Allah a daina binne takardun kuɗin wata ƙasa a ƙarƙashin katifa. A ƙarshen 2022 Najeriya ta sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 ta sa wa'adi gajere, mutanen kan iyaka da ba su da asusun banki a can suka rasa inda za su kai tsofaffin, wasu suka sayar da su da hasara, daga baya kuma kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu, amma wanda ya riga ya sayar ya sayar. BEAC ma ta fito da sababbin takardu a watan Disambar 2022, ta janye tsofaffin na samfurin 1992. Hajiyoyi masu ajiya a cikin kwalla, wannan maganar taku ce musamman, a riƙa fito da kuɗin ana dubawa.

Aikin gida

1. Dala 350 sefa nawa ce? Rubuta da lamba.
2. Ka sayar da buhun gyaɗa 8, kowane sefa 25,000. Jaka nawa ke nan? In jaka tana naira 2,600, naira nawa za a ba ka?
3. Ana binka naira 540,000. Sefa nawa za ka nema in jaka tana 2,700? In ta koma 2,500 fa?
4. Rubuta takardar bashi irin ta sama da kayan da kai kake sayarwa, ka zo da ita aji mu karanta tare.