Yadda ake haɗa kalmar sirri mai wuyar fasawa

Shekara da shekaru ina buɗe wa ɗalibai da ƴan kasuwa imel a ɗan shagona a Tawa, kuma kusan kowa abu ɗaya yake kawo mini: sunan ɗansa ko na budurwarsa, ya liƙa shekarar haihuwa a wutsiya. Ba mu kaɗai ba ne. A 2009 an sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou na Amurka, da masu bincike suka tantance su sai ga "123456" a kan gaba.

Da farko, ka ajiye tsohuwar dokar nan ta babban baƙi da alama da lamba. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta janye ta a 2017, ta kuma janye dokar tilasta wa mutane canza kalma duk bayan ƴan watanni, don an gano "Musa1" kawai ake mayarwa "Musa2". Tsawo ake nema, saboda haka kalmomi biyar za ka jera.

To, a nan ake faɗuwa. In na ce wa mutum ya kawo kalmomi biyar, sai ya ɗauko karin magana ko addu'ar da ya haddace tun yana makarantar allo. Abin da ka haddace, dubbai sun haddace shi. Kada ka zaɓa da kanka. Ɗauki ƙamus, rufe ido, buɗe shafi, ɗora yatsa, rubuta abin da ya faɗo, har sau biyar. Wani Ba'amurke mai suna Arnold Reinhold ya fito da irin wannan dabara a 1995, shi da ƙwayar lido yake jefawa. A ce ka samu albasa, gajimare, sirdi, tukunya, zomo. Wani yaro ya taɓa ce mini zomo bai yi masa ba, ya sa sunan ƙauyensu, alhali sunan na nan a Facebook ɗinsa kowa na gani. Na sa ya sake daga farko.

In kalma mai ƙ ko ɗ ta faɗo, tsallake ta. Ranar da ka ari wayar wani ba lalle ka tarar da baƙin ba.

Sai ka ƙulla musu hoto a zuciya: zomo bisa sirdi, ya rungumi tukunyar albasa, yana ratsa gajimare. Rubuta a takarda ka adana a gida, ba a bayan rigar waya ba.

Kowane asusu da tasa kalmar, ta imel kuwa ta fi kowace muhimmanci, don ta nan ake sake sauran. In sun yi maka yawa, Bitwarden, manhajar adana kalmomin sirri, zai riƙe maka su, ko dala ba za ka biya ba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar da za a nema kafin a shiga asusunka, a WhatsApp da imel. Lambar da ta shigo maka ta saƙo kuma, ko wa ya kira ya ce daga kamfani yake, kada ka karanta masa ita.