Yadda ake shan maganin ƙarin jini ya yi aiki

Da yawa daga masu shan ƙwayar ƙarin jini kan yi wata biyu suna sha, a koma gwaji a tarar jinin yana nan inda yake. Sau tari maganin ba shi da laifi, yadda ake shan sa ne matsalar.

Kafin komai, a yi gwaji. Jiri, kasala, bugun zuciya da farin ido alamu ne kawai. Abin da ke tabbatarwa shi ne awon haimogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja: ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu, shi ne ƙarancin jini. Idan da PCV (awon kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) asibitin ke aiki, 11 ɗin nan ya yi daidai da kusan kashi 33.

Ƙwayar da aka fi bayarwa ita ce ferrous sulphate mai miligiram 200. Kada lambar ta ruɗe ka, ainihin ayon da ke cikinta, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, kusan miligiram 65 ne. Ga masu juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ayon miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid miligiram 0.4 kowace rana, shi ya sa ake haɗa su biyun a wurin awon ciki.

Lokacin sha shi ne babbar magana. Hanji ya fi tsotse ayon idan ciki babu komai, wato awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. A haɗiye da ruwa, ko da ruwan lemon zaƙi, domin bitamin C na taimakawa. Gwaiba ko ɗanyen tumatir ma sun wadatar.

Babban abokin gabar ƙwayar nan shi ne shayi. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin tanin da ke kama ayon a cikin hanji ya hana shi shiga jini, madara kuma na da kalsiyam da ke rage tsotsewar. To dubi yadda karin kumallonmu yake: kofin shayi mai kauri, an zuba madara har ya yi fari, ga burodi, sai a jefa ƙwayar a kora da shi. Wanda ya yi haka ya sha magani a baki, amma kaɗan ne zai isa jini. A bar tazarar awa biyu tsakanin ƙwayar da shayi, kofi, fura da nono, ƙwayar kalsiyam, ko farin maganin nan mai kauri da masu olsa ke sha. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mara lafiya da sunan ƙarin jini kuwa, daɗin baki ne da ƙarfin sukari, ayon ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Akwai magungunan da ayon ɗin ne ke rage musu ƙarfi, irin su ciprofloxacin, tetracycline da levothyroxine na masu ciwon maƙoƙo. A gaya wa likita ana shan ayon don ya tsara tazarar. Mai ciki da ake ba Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta lura da wannan: folik asid mai miligiram 5 na rage aikinsa, ƙaramin mai 0.4 shi ne ya dace a haɗa da shi.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan ya zo da danƙo kamar kwalta, da wari mai tsanani da ciwon ciki, a je asibiti, yana iya zama jini ne ke zuba a ciki. Tashin zuciya da taurin bayan gida su ne ke sa mutane jefar da maganin a mako na farko. Gara a sha shi bayan ɗan abinci mara madara, ko da dare, a yawaita ruwa da ganye, da a daina gaba ɗaya. Likita ma kan mayar da shi sau ɗaya a kwana biyu idan ciki ya ƙi karɓa. Maganin ayon na ruwa yana ɓata haƙora, sai a kurkure baki bayan an sha.

Cikin mako biyu zuwa huɗu ya kamata gwaji ya fara nuna ƙari. Idan jini ya koma daidai, a ci gaba da sha na kusan wata uku, domin jiki ya cika ajiyarsa. Idan kuwa babu motsi duk da an bi ƙa'ida, mai yiwuwa jinin na fita ne ta wata kafa: tsutsar ciki, tsargiya, basir mai jini, gyambon ciki ko haila mai yawa. Namiji babba da aka samu da ƙarancin ayon dole a binciki hanjinsa.

Mai sikila kada ya sayi ayon a kemis da kansa. Ƙarancin jininsa daga fashewar ƙwayoyin jini ne, kuma idan ana yawan saka masa jini na leda, ayon kan taru ya cutar da hanta da zuciya.

A ajiye kwalbar nesa da yara. Ƙwayar ja ce mai santsi kamar alewa, kuma 'yan ƙalilan na iya hallaka ƙaramin yaro. Idan ya haɗiye, a garzaya da shi asibiti da kwalbar a hannu, ko da yana wasansa lafiya ƙalau.