Kile ɗaya, kwamfuta uku: kurakuran da ke cinye wa mutane aiki

A wani shagon buga takardu kusa da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ɗaliba ta miƙa kile. Windows ta ce sai an yi masa formate, wato a goge duk abin da ke ciki a sake tsara shi. Mai shagon har ya kai hannu, na ce, "Tsaya, malam!" Kilen lafiyarsa lau. A Mac aka tsara shi da APFS, tsarin ajiye fayiloli na Mac, Windows kuwa ba ta san wannan tsari ba, haka ma ext4 na Linux. Da ya danna, da memuwar ɗinta ta tafi. In ka ga wannan saƙo, cire kilen, mai da shi kan na'urar da ta tsara shi, ka kwashe kayanka tukuna.

Sai masu ɗaukar bidiyon biki. Kile mai giga 64, babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar fim ɗin. Ba jabu ba ne, da tsarin FAT32 aka tsara shi: ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Wasu sai su koma NTFS, tsarin Windows, su sake faɗawa wani ramin, domin Mac tana buɗe NTFS ta karanta, amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja.

Ni tsarin exFAT nake zaɓa, domin Windows da Mac da Linux duk suna aiki da shi. Microsoft ta fito da shi a 2006, Mac na aiki da shi tun 2010, ya shiga zuciyar Linux a 2019. Sai dai ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa kamar NTFS. Kuran ya ɗauke ana tsakar kwafi, ko ka fizge kile ba ka danna "Éjecter" ba, to kana iya tarar da fayil a lalace. A watannin zafi kuwa kowa ya san halin kuran. Tsohon rediyon mota shi har yanzu FAT32 yake so, a bar masa.

Masu Windows da Linux kan kwamfuta ɗaya, akwai naku. Tun Windows 8, saboda saitin "démarrage rapide", kashewa ba ta zama kashewa ta gaske, sai Linux ta ƙi rubutu a faifan Windows. Shiga saitin wuta a Windows, ka cire alamar "démarrage rapide", ka sake kashe ta.